Ƙafar da Ba Ta Jin Zafi

Sandamu, Yuli 2001

Zuwa ga taubashiyata Rauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Jamaluddeen da 'yar Khairat. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? An ce kin zama babbar nas a ɗakin 'yan tiyata har kin manta hanyar Daura. Ba laifinki ba ne, ku 'ya'yan mata haka kuke. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, amma kullum mu ne masu neman ki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Baba, kawunki Mati. Kin san shi da karar shanu ta Mai'aduwa, ko zazzaɓi yake yi ba ya fashi. To can ya taka ƙaya a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu, bai ma sani ba sai da Inna Lami ta ga jini a takalminsa. Wurin ya kumbura. Ga shi dama ya jima yana rama, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Baffa Ɗanbaba, yayansa, ya kai shi asibiti a Daura, aka auna jini aka ce ciwon suga ne, aka kwantar da shi 'yan kwanaki.

Ranar sallama nas ɗin ɗakin maza, wani Malam Kalilu, ya ce wanda zai kula da shi a gida ya shigo a yi masa bayani. Ni da Inna muna gindin bishiya da kwanuka. Baffa ya miƙe ya gyara babbar riga ya shiga, tunda shi ne babba. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce ba wani abu ba ne, a bar suga, a sha ƙwaya a kan lokaci, a tsaftace ƙafa.

Mu kuma muka ƙara da namu na gida. Safe da yamma nake tafasa ruwa da ganyen darbejiya in gasa masa ƙafar, yadda muka taso muka ga ana yi wa kumburi. Rauda, a nan na san ubana namiji ne. Ni sai na naɗe hannu da tsumma nake iya matse tawul ɗin, shi kuwa zai tsoma ƙafa cikin baho yana sauraron rediyo, ko gezau. Masu dubiya har tsayawa suke su gani. Wani abokinsa ya gwada sa ɗan yatsa ya janye ba shiri, aka yi ta dariya. Baba ya ce wanda bijimai suka shekara suna takawa, ruwa ba zai ba shi tsoro ba. Inna ta ce in riƙa ƙara wuta don ciwon ya fito da wuri, kuma ina ƙarawa.

Mainasara direban tirelar shanu zai kawo miki wannan. Wayar gidan Baffa ta mutu tun ruwan farko, sai ki amsa ta hannunsa. In akwai ƙwaya mai kyau ta can ki aiko, ki rage rowa.

Taki,
Asma'u

Fatakwal, Agusta 2001

Asma'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Khairat ta fara haƙori. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. A wurin aiki na buɗe wasiƙarki, ina cikin dariyar tsiyarki na iso wurin baho. Abokiyar aikina ta dubi fuskata ta tambaye ni wa ya rasu.

Ki daina gashin nan yau. Kada ki jira gobe, kada ki jira izinin Baffa ko na Inna.

Abin da kuke gani ba dauriya ba ce, Kawu ba ya jin ƙafar ne. Suga in ya daɗe a jiki yana kashe jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin zafi, kuma daga ƙafa yake farawa. Shi ya sa ya taka ƙaya bai sani ba. Ruwan da ke ƙona hannunki haka yake ƙona ƙafarsa, ke dai kina da abin da ke gaya miki ki janye, shi ba shi da shi. Dafa ta kuke yi, Asma'u, safe da yamma. Mai suga kuma mikinsa ba ya saurin warkewa. Na ga waɗanda ƙuna ƙarama ta raba su da ƙafa a ɗakin da nake aiki.

Kada ki tsaya ga maganata, ki gwada da kanki. Ki sami auduga ki shafa masa a yatsu, da tafin ƙafa, da dunduniya, ki yi sama zuwa ƙwauri, ki ga inda zai fara ji. Amma kada ya ga hannunki. Na san mazan gidanmu, in yana kallo zai ce ya ji ko bai ji ba. Sannan ki duba mini da idonki: launin yatsan, tsakanin yatsu, ko akwai bororo, ko akwai wari. Ki taɓa ƙafafun biyu da bayan hannu ki ji ko ɗaya ta fi sanyi. Ki sa Inna ta duba ko kaluluwa ta fito masa. In kin ga baƙi, ko wari, ko zazzaɓi, a ranar za ku koma asibiti.

Ruwan wanke ƙafar kuwa irin na jariri, ki gwada da gwiwar hannunki, ki tsane ta sosai har tsakanin yatsu. Kada ya taka ƙasa ba takalmi ko da alwala zai yi, kuma ki riƙa kakkaɓe takalmin kafin ya sa.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Ban yarda akwai nas da zai sallami mai suga da miki a ƙafa bai yi maganar ruwan zafi ba. Ki tambayi Baffa da ladabi abin da aka gaya masa duka. In kun koma kuma ke za ki shiga, tunda hannunki ne ke taɓa ƙafar.

Na je har inda ake sauke shanu na damƙa wa Mainasara wannan, ya ce gobe zai juya. Ki gaishe da Kawu da Inna.

Rauda

Sandamu, ƙarshen Agusta 2001

Hajiya Rauda,

Assalamu alaikum. Na ce Hajiya don na ga alamar an girma, an wuce amsa wasiƙar malamar firamare. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Tireloli sun je sun dawo, kowace na aika a tambaya, shiru. Shi ma Mainasaran ba a gan shi ba. Inna ta ce wataƙila maganar ƙwayar da na yi ce ta sa kika ɗauke wuta. In ita ce ki bar ta, gaisuwa kawai ta ishe mu.

Baba da sauƙi sosai. Gashin ya yi aiki, ƙafar ta yi bororo manya-manya, suka fashe ruwan ya tsiyaye, Inna ta ce mugun ruwan ciwon ne ya fita. Tsohuwar fatar ta saluɓe, ta ƙasa ja ce, muna jiran ta yi ƙwari. Babban yatsan ya bushe ya yi baƙi, na kusa da shi ma ya fara. Baffa ya duba ya ce haka miki ke yi in zai kame. Akwai ɗan wari, amma ina turara ɗakin. Ni dai gabana yakan faɗi in na kwance tsumman, sai in tambayi Baba ko yana masa ciwo, ya ce ko ɗigo. Tunda mai ƙafa ya ce ba ciwo, ni wace ce?

Har ya sa an wanke masa rigunan kasuwa, wai da an yi girbi zai koma kara, abokan ciniki na Nijar suna ta aiko masa. Ƙwayar asibiti ta ƙare, ya ce ba sai an karɓo wata ba tunda ya warke.

Wannan ta hannun wani direban nake aikowa. In kin ga dama ki amsa.

Asma'u

Sandamu, Satumba 2001

Rauda,

Assalamu alaikum. Ki yi watsi da wasiƙata ta baya, ki yafe mini. Taki ta iso. Motar Mainasara ce ta lalace a hanyar Lakwaja, ya zauna jiran kayan gyara, wasiƙar tana aljihun mota duk tsawon lokacin nan. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya babu.

Da Mainasara ya zo, hannun Baba ya damƙa wasiƙar, kin san ba zai nemi mace ba. Baba yana tsakar gida da Baffa da tsofaffin abokansa biyu. Ya kira ni da murna ya ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji abin da 'yarsa nas ta ce. Na fara, ban ankara ba sai da bakina ya faɗi "ba dauriya ba ce". Na tsaya. Ɗaya daga cikin tsofaffin shi ne wanda ya sa yatsa a baho aka yi masa dariya. Baba ya ce in naɗe takardar, ya ji.

Na shiga ɗaki na karanta sauran ni kaɗai, na kai inda kika ce dafa ta muke yi. Tukunyar gashin yamma tana kan murhu a lokacin, ina jin tafasarta daga inda nake zaune.

Washegari da hantsi Baba yana jan carbi ido a rufe, na zauna kamar zan canza tsumma. Na shafa auduga a yatsu, shiru. Tafin ƙafa, shiru. Na ajiye audugar na sa farce na mintsini dunduniyarsa da ƙarfin da in yaro na yi wa sai unguwa ta ji. Rauda, bakinsa bai daina motsi da salati ba. Sai da na kai kusa da gwiwa ya kaɗa hannu yana zaton ƙuda ne. Ƙafar sanyi ƙalau, ɗayar da ɗuminta. Duk abin da kika ce in duba na same shi, ban da zazzaɓi da kaluluwa.

Na yi kukan da ya sa dole aka ɗauko mota. Wannan karon na bi su har ciki, Baffa yana harara ta. Malam Kalilu ya kwance ƙafar, ya duba. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ban ce ko kusa da ruwan zafi kada a kai ta ba?"

Baffa ya ce, "Ka faɗa."

Ashe ya faɗa, har ya maimaita. A waje na tambayi Baffa me ya sa bai gaya mana ba. Ya ce gashi sha'anin mata ne, shi da gemunsa ba zai shiga cikin gida ya koya wa mata yadda ake ɗora ruwa ba. Kuma 'yan asibiti komai na gida hanawa suke, ya ɗauka irin maganarsu ce. Yana faɗa yana share gumi, ban taɓa ganin sa haka ba. Shi ma Malam Kalilu ya ce tun kwanciyar farko ya taɓa ƙafar ya tambaya, Baba yana kallon hannunsa ya ce yana ji sarai.

Likita ya ce ƙafar ta mutu zuwa idon sawu kuma abin yana hawa. Sai an yanke ƙasa da gwiwa, a babban asibiti a Kano, kuma ba da jinkiri ba. In ya shiga jini, rai ne.

Baba ya ƙi. Ya ce a wannan zamani da hirar kowace kasuwa ta yanke hannun ɓarayi ce, shi dillali da amana ce jarinsa ba zai shiga kara da dungu baƙi su fara raɗa ko wace kotu ce ta yanke shi ba. Ya kuma ce yarinyar da ta ce ba shi da dauriya za ta ga dauriya, da ƙafafunsa biyu za a kai shi kabari. Mun dawo da shi gida da ƙwayoyi. Liman ya yi magana, Baffa ya yi, kamar da bango.

Ke ya ji wa haushi, wataƙila ke zai saurara. Ki rubuto masa, kada ki ba tirela.

Asma'u

Fatakwal, Satumba 2001

Zuwa ga Kawu Mati,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina gaisuwa, ina durƙushe. Yaya jiki, yaya haƙuri? Allah Ya sa kaffara ne. Wasiƙun Asma'u biyu sun same ni kusan tare. Wani soja abokin Jamaluddeen zai taso gobe zuwa Katsina, shi zai kawo wannan hannu da hannu. Asma'u, ki karanta masa ku biyu kawai.

Kawu, na yi kuskuren lafazi, ka yafe wa 'yarka. Ban ce ba ka da dauriya ba, kuma ba ni da bakin faɗa. Ina ƙarama na ga sa ya buga ka da garu, ka tashi ka kama igiyarsa kafin ka duba jikinka. Cewa na yi ƙafar ce ta daina kawo maka labari. Ruwan baho bai gwada ka ba, tunda ba ka ji shi ba. Abin da ke gabanka yanzu shi za ka ji, kuma shi ne mai wuya.

Aikina ke nan kullum, ba zan ɓoye maka ba. Naman da ya mutu ba ya dawowa, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yau ƙasa da gwiwa ake magana. Mai gwiwa yana tafiya da ƙafar roba, yana hawa mota, yana zuwa kasuwa. In aka jira sai a ce cinya, in aka ƙara jira ba za a ce komai ba. Ranar da zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, ko kaluluwa ta fito, ko magana ta fara rikicewa, to abin ya shiga jini.

Maganar kara kuwa, wa zai yi raɗa? Mutanen da suke ba ka garke ba shaida su tafi Nijar su yi barci? Sun san hannun da suke ba amana. Baƙon da bai sani ba ya tambaya, a gaya masa ciwon suga ne, wataƙila shi ma ya je ya duba tasa.

Akwai kuma wadda nake roƙo dominta. Asma'u ce ta ɗora ruwan nan da hannunta, don son ka. In ƙafa ce ta tafi, za ta iya ɗauka. In kai ne ka tafi, Kawu, ban san yadda za ta ƙara kallon tukunya ba.

Ka bar ta ta gwada maka ta dama, ido a rufe. Ita ce za ta ɗauke ka nan gaba.

'Yarka,
Rauda

Sandamu, Oktoba 2001

Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mun dawo daga Kano, Baba yana raye, alhamdu lillahi. An yi girbi ba mu nan, maƙwabta suka ɗaure mana geron.

Sojan ya kawo wasiƙar a kan lokaci. Na karanta masa mu biyu, da na zo wurin sunana na tsaya, ya karɓi takardar ya riƙe ko da yake ba ya karatun boko. Washegari ya tashi da rawar sanyi. Ya kira ni, ya miƙe ƙafar dama, ya ja hularsa ya rufe ido da kansa. Yatsun ba ya ji, amma dunduniya ya ji. Ya ce a kira Yaya a nemo mota.

An yanke ƙasa da gwiwa. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake ba. Baffa ya karɓi ƙafar ya naɗe ta da farin ƙyalle, ya kawo ta gida ya binne a maƙabartarmu, ya hana kowa riƙe masa fartanya.

Ranar sallama nas ɗin can ta ce mai kula da shi ya zo a koya masa. Baffa ya miƙe ya gyara riga, ya yi taku ɗaya, sai ya koma ya zauna. Ya ce, "Asma'u, shiga. Ki kira Lami ma." Ta koya mana naɗa dungun, da allurar suga, da duba ɗaya ƙafar kullum. Ba ta bar mu ba sai da kowace ta yi a gabanta. Ta kuma ce wani lokaci zai ji kamar ƙafar tana nan, har ta yi masa ciwo, kada mu tsorata, jijiyoyin ne. Na ce to, ban san abin da na amsa ba.

Rauda, ƙafar da na tsoma a tafasasshen ruwa duk damina ba ta ce uffan ba, yanzu da take cikin ƙasa ita ke hana shi sakat. Ya ce babban yatsan yana ƙuna kamar an ɗora masa garwashi. Mutumin da ban taɓa jin nishinsa ba yana cije hannun riga, gumi na zuba. Na ba shi ƙwayar da aka ba mu, tana ragewa kaɗan. Ki rubuto mini ko akwai abin da ya fi ta, da kuma ko abin yana wucewa.

Jiya da la'asar ya tsananta. Ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji. Ya nuna wurin da babu komai a kan tabarma, ya ce, "Asma'u, yanzu kam ina jin ta. Ɗora ruwa ki ɗan gasa mini."

Na tsaya ina kallon tabarmar. Shi ma ya bi idona ya kalla, ya daɗe, sai hawaye suka zubo masa har gemu, bai share ba.

Na je na ɗebo ruwa, na gwada da gwiwar hannu yadda kika ce, na zauna na wanke masa ta dama.

Taki,
Asma'u